Gogen Turawa a Hannun Ladi

Yaya Asabe,

Gaisuwa mai yawa. Ya Garwa, ya maigida da yara? Mu nan Briqueterie lafiya lau.

Wata madam ta zo kwalejinmu zaɓen 'ya'yan talakawa, za ta koya mana gogen Turawa kyauta. Ta ce kowa ya rera waƙa. Yaya, a gaban babba? Na sunkuyar da kai, ta wuce ni. Ladi maƙwabciyarmu ta wage baki da waƙar da ni na koya mata, aka ɗauke ta. Kullum ina jin gogenta ta katanga. Abin haushi, ya fara daɗi.

Gurbi ɗaya ya rage, madam za ta dawo bayan hutu. Ki yi mini addu'a in iya ɗaga kai. Ki gaida Gwaggo. Ladi ma tana gaishe ki, na dai faɗa.

Ƙanwarki,
Hadiza