Daga Baƙuwar Ɗakin 'Yar Gwamna

Zuwa ga Wilfrido nawa, hasken idona, sanyin ƙirjina, iskar teku mai shigowa da la'asar, inuwar da nake fakewa in rana ta take, zakaran da ya fi kowa fara'a a cikin ganuwar Cartagena kaf, in dai ga baƙi ne!

Ina gaishe ka gaisuwar mai bege. Matakalar bene ce kawai tsakanina da kai, amma ji nake kamar teku ce ta raba mu. Ina rubuto maka ne daga Ɗakin 'Yar Gwamna, ɗaki mafi kyau a masaukinka, wanda kafin ka kafa masa wannan suna a ƙofa ake ce masa ɗakinmu. Kai, masoyina, ashe haka gidanka yake da daɗi! Ashe akwai fure a kan matashi! Ashe hannun nan naka, da bai taɓa ɗauke safa daga ƙasa ba, ya iya naɗe tawul ya koma agwagwa! Me ya sa ba wanda ya gaya mini tun tuni cewa hanyar shiga zuciyarka ta ƙofar gaba take, da akwati a hannu?

Ka tuna yammacin nan a kan ganuwa, lokacin kana gyaran fanka a kasuwa, ni kuma ina koyon ɗinki? Rana tana nutsewa cikin teku kamar garwashi, ka sayo mana ɗanyen mangwaro da gishiri da lemon tsami, yatsunka duk baƙin mai. Ka nuna mini gidan kakarka can a unguwar San Diego, ka ce, "Nohemí, kin ga barandar can mai jan fure? Nan za ki riƙa shan iska har ki tsufa. Ko shugaban ƙasa ne ya zo, sai ya nemi izininki kafin ya hau." Na yi dariya har gishiri ya sarƙe ni, na kuma yarda da kai, domin a ranar ko cewa ka yi za ka ɗebo mini teku a kwalba zan yarda. Ya kai tauraron asubata, shugaban ƙasa dai bai zo ba. Wani likitan haƙori ne ya zo daga Kanada, da gajeren wando da hanci a ƙone, kuma ba a nemi izinin kowa ba.

A hankali ka cinye gidan, zumata, kamar gara. Da yara suka tafi Bogotá karatu, ka ce ɗakinsu na zaman banza, ka saka baƙi. Na ce to. Ka ce ɗakin ɗinkina ya fi dacewa da masu son kallon tsakar gida, keken ɗinkina ya koma ƙarƙashin bene. Na ce to. Ka hana ni shanya a igiya, wai wandunanka suna ɓata wa mutane hoto. Nan ma na ce to. Sai ga ka wata safiya da murmushin nan naka mai narkar da dutse, kana sosa ƙeya: "Nohe, na wata ɗaya ne tak, lokacin cikowar baƙi ne." Ka kwashe mu zuwa ɗan ɗakin bayan kicin, kusa da injin wanki. Watan nan ɗaya ya yi haƙora, ya yi tafiya, yanzu ya isa shiga makaranta!

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne labarin da ka ƙago. Wai a kan gadon nan 'yar wani gwamnan Sifaniya ta mutu saboda son ɗan fashin teku! Wilfrido, kurciyata, gadon nan babana Evaristo ne ya sassaƙa shi da hannunsa a unguwar Getsemaní, ya kawo shi a amalanke ranar aurenmu. Mace ɗaya ce ta taɓa kusan mutuwa a kansa, ni ce, ranar da na haifa maka ɗanka mai ƙaton kai irin naka.

Shi ya sa na sa yayata Yadira ta bugo waya daga Barranquilla ta kama ɗakin da sunan dangin mahaifiyata, wanda na san ba ka riƙe ba. Ranar Litinin na haɗa akwatina, na fita ta ƙofar baya, na zaga ta gaban coci, na gaisa da masu sayar da 'ya'yan itace, na shigo ta ƙofar gaba. Ga ka tsaye cikin farar riga, da kofin ruwan tsamiya mai sanyi a faranti, baki har kunne. Ya Allah, fuskar nan taka! Da ina da masu zane da na sa an zana ta an rataya a zaure. Ka matso kana raɗa, "Nohe, kin haukace ne? Ga mutane fa!" Na ce, "Malam mai masauki, an ce mini nan ana karɓar baƙi da mutunci. Ko a yi mini kwatancen wani wurin?" Likitan haƙorin nan na Kanada da matarsa suna zaune suna kallo, ba yadda za ka yi. Ka ɗauki akwatina ka hau bene kana cewa, "Bismillah, ranki ya daɗe." Ranki ya daɗe! Sai da na tsaya a tsakiyar matakala na sake saurarawa, don kunnuwana sun manta irin wannan magana.

Kashegari Inna Casilda mai girki ta kawo mini wainar masara mai ƙwai har gado, tana dariya har faranti na rawa. Ta ce, "'Yar nan, ci ki ƙoshi, kar ki rage ko ɓarɓashi. Mutuminki yana ƙasa ya zuba gishiri a kofi ya sha, bai ma ji ba. Ni da na yi wa marigayi mijina haka, da bai mutu da taurin kansa ba."

Har yawon gari na bi ku, kana gaba da 'yar lemarka, muna biye kamar 'yan tsaki. Ka nuna mana titin da nake sayen zare, ka ce titin masoya ne. Ka nuna mana ƙofar makwabcinmu mai bugun matarsa, ka ce gidan wani waliyyi ne. Da muka dawo ka tsayar da mu a ƙofar ɗakina, ka fara labarin 'yar gwamna, murya na rawa, har matar likitan haƙori ta ciro hankici. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, wa ya sassaƙa gadon?" Ka yi tari, gumi ya karyo maka, ka ce, "Wani gwani ne na zamanin da, ranki ya daɗe." Gwanin zamanin da yana nan da ransa, haƙora ne kawai suka zube, kuma kullum sai ya tambaye ni ko har yanzu kana cin bashin gaisuwa. Amma ban tona ka ba. Ka lura? Kalma ɗaya ta isa in rushe ka a gaban baƙinka, na haɗiye ta, domin ko ina fushi ba na son ganin kanka a ƙasa.

To yanzu bari in ajiye wasa, ruwan sanyina. Gadon nan ya yi mini faɗi. Furen kan matashi ba ya minshari, agwagwar tawul ba ta jan bargo, ba ta tambayata ko na kashe gas. Ina zama a baranda, iska na kaɗa jan furen nan, ina jin muryarka a ƙasa kana tambayar baƙo ko ya yi barci lafiya. Yaushe rabon da ka yi mini wannan tambayar? Me na yi maka da na zama kayan da ake turawa bayan kicin in an yi baƙi? Ba gidan nake kishi ba, ba kuma sana'arka ba, na san da ita muka yi wa yara makaranta. Ɗaki ɗaya nake nema a cikin gidan, da kai a cikinsa. Na san ranar Asabar wasu ango da amarya za su iso daga Jamus, kuma nan ka yi musu alkawari. Yadira ta riga ta share mini ɗaki a Barranquilla. In ka hau benen nan ka ce in ba su wuri, zan ba su, ba hayaniya, ba kuka a gaban baƙi. Sai dai akwatin ba zai koma bayan kicin ba, tashar mota zai nufa.

Dakata! Na ajiye alƙalami na ɗan lokaci, domin muryarka ta taso daga tsakar gida, ga rana tsaka, kana waya da matar nan ta Bogotá mai turo maka baƙi. Na leƙa ta tsakanin furanni. Kana kai da komo, kana share wuya da hankici, na kuma ji kowace kalma.

"A'a, ranki ya daɗe, ɗakin ba zai samu ba. A'a, ba Asabar kawai ba, har abada. Kuɗin cizo ne. Eh, manya! Sun kama gadon, sun ƙi fita, ba maganin da ke jinsu. Na sani, na sani, ki cire ni daga jerinku in kin ga dama. Ni dai na saba da cizonsu."

Wilfrido! Kai da ko ƙuda ya sauka a teburin baƙo sai ka kwana kana jimami, yau ka ɓata sunan masaukinka da bakinka, a gaban Inna Casilda da ta toshe baki da zani! Maza sun yi wa mata waƙoƙi, sun kira su wata, sun kira su lu'ulu'u, ni nawa mijin ya kira ni kuɗin cizo, kuma ban taɓa jin kirari mai daɗinsa ba. Hawaye ya ɓata mini takarda, dubi nan gefen.

Hau, masoyina. Bar lemar a ƙasa, bar murmushin baƙi a kan kanta, zo da ainihin fuskarka mai gajiya, ita nake so. Na yi maka alkawari, muddin teku na dukan ganuwar garin nan, ina maƙale da kai, ba feshi, ba shanya a rana, ba ruwan zafin da zai raba ni da kai.

Taka har ƙarshen numfashi, mai cizonka da ƙauna,

Nohemí