Dawaki Goma Sha Bakwai na Elroy

Gelvandale, Port Elizabeth
2 ga Mayu, 2002

Ɗana Elroy,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya aikin jiragen ruwa, yaya sanyin Walvis Bay can Namibiya? Ina fata kana cin abinci mai zafi, ba burodi da kifin gwangwani kullum ba. Maƙwabciyarmu Lenie, wadda ta yi aikin asibiti, ita ke rubuta mini. Na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

Babanka ba lafiya. Ciwon sugan nan ya cinye masa idanu tun bara, yanzu kuma ya sauka ƙoda. Likita ya ja ni gefe ya ce in kira duk wanda zan kira. To ni wa nake da shi in ba kai ba?

Na san abin da ka tafi da shi a ranka. Ni ma ina tsaye bakin gareji ranar, da kwanon kwaɓin fulawa a hannuna. Kana ɗan shekara sha tara, ka cire wa Rooies, jar motar babanka, kafiretar da ta zo da ita daga kamfani, ka ɗora wadda ka sayo, don kawai ka burge shi ran haihuwarsa. Ka ce wannan ta fi ba injin mai da iska. Shi kuwa da ya yi shekara talatin yana ɗaure ƙusa a kamfanin motoci, a wurinsa abin da ya fito daga kamfani ba a ƙara masa ko noti ɗaya. Ya ce, "Wa ya ba ka izinin sa hannunka cikin motata? Fita mini daga gida!" Ka fita. Shekara goma sha bakwai ke nan, sai katin Kirsimeti, shi ma da sunana ni kaɗai.

Jar motar tana nan. Kowace safiya sai na kama hannunsa na kai shi gareji, ya shafa ta daga fitila har but, ya tayar da ita, ya zauna yana saurare. Har yanzu yana cika baki wai motar tasa, Fairmont GT, ƙarfin doki ɗari uku gare ta, ko ɗaya bai tsufa ba.

Yanzu wani abu ya shiga kansa. Akwai wani bakanike a unguwar Korsten, Fagmie, yana da na'urar auna ƙarfin mota, daino suke ce mata. Babanka ya ce kafin ya mutu sai an auna Rooies. An sa ranar Asabar, 25 ga wata. Na ce masa, "Izak, mutum na fama da ƙoda, kai kana ƙirga dawaki?" Ya ce, "Trienie, ke ƙirga mini ƙwayoyin magani, ki bar mini dawakina."

Bai ce in kira ka ba. Amma sau uku yana tambayata ko bas ɗin Namibiya ranar Juma'a yake isowa. Ka zo, Elroy.

Allah ya tsare mini kai a kan ruwa.

Mamarka,
Katriena Plaatjies


Gelvandale
27 ga Mayu, 2002

Ɗana Elroy,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Ban ji daga gare ka ba. Na soya koeksister, fanken nan mai zaƙi, ranar Juma'a, masu kwakwa irin waɗanda kake so. Lenie da jikokinta suka cinye.

An auna motar. Bari in ba ka labari tun ban manta ba.

Fagmie da kansa ya zo ya tuƙa mu. Wurin nasa akwai wasu manyan gangunan ƙarfe a binne cikin siminti, bayansu kaɗai ake gani. Ya hau da tayoyin baya a kansu, ya ɗaure motar gaba da baya da igiyoyi masu kauri kamar za a yi wa bijimi allura, ya kawo wata ƙatuwar fanka ya sa mata a hanci. Wai motar za ta yi gudu iyakar ƙarfinta, gangunan na juyawa, ita kuwa ko taku ɗaya ba za ta yi ba.

Da ya buɗe murfin inji sai ya yi fito. Ya ce, "Kai, Kawu Izak! Ai wannan ko coci ba ta kai ta tsabta ba. Komai na kamfani ne. Sai dai wannan kafiretar, wannan kam baƙuwa ce."

Elroy, sai da na dafa bango. Ni fa tuntuni na ɗauka babanka ya cire taka ya jefar. Me na sani a inji? Ashe shekara goma sha bakwai da ita yake yawo. Ita ta kai mu coci, ita ta kai mu jana'izar kakarka.

Babanka ya ce, "Ɗana ya ɗora ta. Ta kamfanin tana but, cikin tawul. Ka auna da wannan, ka auna da waccan. Ina so in san wanda ya yi gaskiya."

Ka ga abin da ya kai mu ke nan. Ba ɗari ukun ba.

Aka fara da taka. Ƙarar da ta yi, ɗana, har cikin haƙorana, kwanon rufin wurin yana rawa. Fagmie ya duba allonsa ya ce doki ɗari biyu da talatin da ɗaya. Babanka ya ce, "Ina sauran? Kai ka sace su?" Fagmie ya yi dariya ya ce kamfani a jikin inji suke aunawa, shi kuwa a taya, kuma tsakanin inji da taya dole wasu su zube a hanya. Babanka ya ce, "Na sani, ɗan nema. Ina ɗaure inji tun uwarka na goye da kai. Sa ɗayar."

Awa guda da rabi ana canji. Na ba babanka shayi daga fulas, bai sha ba. Yana zaune kan wata tsohuwar taya, hannuwansa suna motsi a kan gwiwa kamar shi ke riƙe da sifanar.

Ta kamfani ta ba da ɗari biyu da goma sha huɗu.

Babanka ya ce, "Goma sha bakwai." Ya sake cewa, "Goma sha bakwai, Trienie." Ban san dawakin yake nufi ko shekarun ba, ban kuma tambaya ba. Sai ya ce, "Ai tun ranar da ya tafi na tayar da ita, na ji da kunnena. Na sani tun ranar." Na ce, "To me ya hana ka faɗa, tsohon banza mai taurin kai?" A gaban mutane na faɗa, Allah ya yafe mini. Ya ce, "Na ɗauka zai dawo cin abincin yamma."

Ya sa aka mayar da taka. Sannan ya ce shi zai taka totur. Fagmie ya ce, "Kawu, ba ka gani fa." Ya ce, "Mota a ɗaure, wa zan kaɗe? Kai?" Fagmie ya zauna gefensa. Babanka ya sa giya ɗaya bayan ɗaya, ko ƙara ba ta yi ba, ya danna ƙafarsa har ƙasa. Makaho, Elroy, yana gudun da bai taɓa yi a titi ba, iskar fanka tana kaɗa masa furfura ta taga, hawaye na bin kumatunsa, bakinsa a buɗe yana dariya.

Da za mu tafi Fagmie ya ce kafiretar tana ɗan shaƙewa in mota na tsaye, minti biyu zai saita ta da sukuddireba. Babanka ya riƙe masa hannu. Ya ce, "Wanda ya ɗora ta shi zai saita ta."

Ga takardar da na'urar ta fitar na sa maka ciki. Layi biyu ne masu hawa kamar tudu, na saman shi ne naka. Babanka ya ce a rubuta maka haka, kuma Lenie ta karanta masa ya ji: "Elroy, kai ka yi gaskiya. Ka zo gida."

Tun ranar bai iya tashi daga gado ba. Kada ka jira ƙarshen wata.

Mamarka,
Katriena


Gelvandale
18 ga Yuni, 2002

Ɗana,

Ina gaishe ka. Wasiƙarka ta iso jiya. Lenie ta karanta mini sau uku. Na gane, kana teku mako bakwai, wasiƙuna biyu suna kwance a ofishin tashar jirgi suna jiranka. Ba laifinka ba ne. Ka ji ni? Ba laifinka ba ne.

Babanka ya rasu ranar Lahadi, 9 ga wata, da hantsi, ana buga ƙararrawar coci. Mun binne shi ranar Asabar. Na sa an kira lambar ofishinku, suka ce jirginku bai shigo ba. Fagmie ne ya tuƙa Rooies a bayan akwatin, a hankali, mutanen layinmu duk suka fito.

Ka rubuta cewa in gaya masa kana tafe, kuma ka manna takardar a jikin bangon ɗakinka. Zan je kabarinsa in gaya masa gobe, Lenie za ta raka ni.

Akwai abin da zan faɗa maka, don ba na so in riƙe shi ni kaɗai. Ranar Alhamis kafin ya cika ya tambaye ni ko saƙonsa ya kai. Na ce ya kai, har ka amsa, ka ce ka yafe. Ƙarya na yi masa, Elroy, ta farko a shekara arba'in da ɗaya. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To madalla." Jiya da Lenie ta kai wurin da ka rubuta wannan maganar ta yafewa da hannunka, sai na ce ta tsaya, na shiga ɗaki.

Ka zo duk da haka. Ba sai ka kawo komai ba. Ɗakinka yana nan, na fitar da keken ɗinkina daga ciki.

Kowace safiya ina shiga gareji in murɗa makulli yadda ya koya mini, don kada batir ya mutu. Tana tashi, ta yi ta wannan shaƙewar, kamar mai son yin magana. Fagmie ya leƙo shekaranjiya ya sake cewa minti biyu ne kawai. Na ce masa a'a.

Sukuddirebar tana kan kujerar direba, inda babanka ya ce in ajiye maka.

Allah ya kawo mini kai lafiya.

Mamarka,
Katriena Plaatjies