Maganar Karatun Safiya a Gida

Zuwa ga Yaya Habibu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Yaya Rabi da yara. Yaya aiki, yaya zaman Legas? Mu nan Auyo lafiya lau, Inna ma jikin ya yi sauƙi.

Bayan haka, maganar 'yarka Safiya ce. Tun da ruwa ya cinye hanyar makaranta, sai a kwalekwale yara ke zuwa. Ita kuwa da ƙafar shan-inna ba zan sa ta ciki ba. Shi ya sa nake koya mata a gida da littattafan da na yi aikin koyarwa da su.

Ran Talata wani jami'in ilimi ya zo. Ya ce, "Malama, doka ba ta san karatun ɗaki ba. Yaron da babu sunansa a rajista ba zai zauna jarrabawar gama firamare ba, balle ya sami takardar shaida."

Na ce, "Ranka ya daɗe, gwada ta tukuna."

Ya miƙa mata jaridar da ke hannunsa, ta karanta babu gargada. Sai ya ce a sa sunanta a rajista, in kawo takardar likita daga Haɗeja, in riƙa kai ta jarrabawa kowane zango.

Na amince. Gobe zan shiga Haɗeja. Jarrabawa kuwa, ko goya ta zan yi in ratsa ruwan, sai ta zauna.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaida kowa da kowa. Ka dubi adireshin da ke bayan ambulan ɗin nan, rubutun Safiya ne.

Ƙanwarka,
Balaraba