Ƙarfin Da Aka Ƙara Wa Motar Babana

Daga: Ummukulsum Baƙo, Dayi, Malumfashi
Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Kanikawa, Funtua
6 ga Maris, 2024

Game da: Gyaran a-kori-kurar mahaifina a garejin Malam Abdulmutallib

Ranka ya daɗe,

Ina neman afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto maka, ni da ban taɓa riƙe sifana ba. Littafin motar kawai na karanta, sau uku, wanda na lura ya fi na wasu.

Ranar Litinin, 19 ga Fabrairu, mahaifina Malam Baƙo ya kai tsohuwar motarsa mai injekta domin a ƙara mata ƙarfi da araha, saboda jigilar tumatirinmu zuwa Danja. Ga ƙarfin da aka ƙara:

1. Malam Abdulmutallib ya cire matatar iska, wai don inji ya shaƙa da kyau. Yanzu yana shaƙar ƙasar hanya son ransa.

2. Ya shafe yini yana neman kafireta. Littafin ya ce injin ba shi da ita, amma wace ce ni.

3. Ya yanke salansa. A nan dole in yaba: ana jin motar tun daga Dayi, ko da kuwa ba ta motsa ba.

4. Da fitilar gargaɗi ta kama, ya manna mata baƙin salatif. Ta daina damun kowa.

5. Ya zuba kafur a tanki, nozul masu fesa wa inji mai suka toshe. Ranar Asabar, 2 ga Maris, motar ta mutu a hanyar Danja da kwando arba'in a bayanta. Kafin a jawo ta, tumatirin ya zama miya. Baba ya zubar da shi da hannunsa.

Baba ba zai kawo ƙara ba, don kaniken ɗan ƙanwar kakata ne. Sauran tumatirin kuwa ya nuna a fadama, ba zai wuce mako ba, kuma shi ne abincinmu har damina.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi a turo wanda ya san injekta kafin Asabar, a kuma dawo mana da matatarmu da guntun salansarmu.

Zan tura takardar nan ta ƙarƙashin ƙofar ofishinku lokacin da kuke sallar azahar, in wuce. In Baba ya tambaya, don Allah ba ku san ni ba.

Taka cikin girmamawa,
Ummukulsum Baƙo