Kabarin Inna a Ƙarƙashin Ruwan Tiga

Tiga, ranar Laraba

Yaya Uba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Bayan haka, ka dai ji an kashe ɗana Zakari a ƙasar waje saboda ƙwayar da aka kama a jakarsa. Can suka binne shi, ba a nuna wa kowa wurin ba. Masu ta'aziyya ko tabarma ɗaya ba su cika ba.

Tun ranar nake mafarkin tsohon garinmu da dam ya cinye. Sai in ga Inna tana shanya gero a ƙarƙashin ruwa, kifaye na ratsa ƙofar ɗakinta, Zakari na zaune gefenta yana yaro, ƙafafunsa duk laka. Ba mai tambayarsa abin da ya yi.

Yaya, kai kaɗai ka rage wanda ya san saitin maƙabartar. Ka zo ka tuƙa ni a jirgin ruwan Zakari, in yi masa addu'a a kan kabarin Inna. Ba ni da wani kabarin zuwa.

Ƙanwarka,
Hasiya

Doguwa

Hasiya,

Salamu alaikum. Takardarki ta iso. Allah ya ba ki haƙuri, ke dai. Amma ba zan zo ba.

Kin san ɗana Tasi'u yana ɗaki a ɗaure, ƙwaya ta juya masa kai, ko sunansa ba ya amsawa. Wani ne ya ɗauko ta a jaka, shi ma yana da uwa mai mafarki. Zakari ba yaro ba ne, da idonsa ya ɗauka. Nawa da ya mutu yana numfashi, wa ya zo mini ta'aziyyarsa?

Ki gaida gida.
Uba

Tiga

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban ce bai yi laifi ba. Haihuwarsa kawai na yi, kuma ina kewarsa.

Ruwa ya ja baya, kan tsohuwar kukar garinmu ya fito, fari fat da balbelu. Damina na sauka zai sake rufe ta. Jiya a mafarkin har da Tasi'u, lafiyarsa ƙalau, su biyu suna tseren iyo kamar da.

Ka huta lafiya.
Hasiya

Doguwa

Hasiya,

Salamu alaikum. A ƙofar ɗakin Tasi'u na karanta takardarki a bayyane. Da ya ji sunan Zakari sai ya ɗago kai ya ce, "Baba, ai ya iya ruwa, zai fito." Rabon da ya kira ni Baba har na manta.

Ki sa a toshe inda jirgin ke yoyo. Ban yafe masa ba, amma zan tuƙa.

Yayanki,
Uba