Rasuwar Cavaliere Ermete Bartolucci da Dalilin Ɗage Jana'izarsa

Cikin alhini da ɗimuwar da har yanzu ba ta sake mu ba, Ƙungiyar 'Yan'uwa Masu Hidimar Makabarta ta garin Torre Salmastra tana sanar da Mai Girma Magajin Gari, da limamin cocinmu Don Learco, da ɗaukacin jama'a, cewa ta samu labarin rasuwar shugabanta kuma ubanta, dattijon arziki mai lambar girma, Cavaliere Ermete Bartolucci, wanda ya cika da safiyar Talata a asibitin lardi yana da shekara saba'in da ɗaya, sakamakon zazzaɓin dengi. Har yanzu bakinmu bai saba da sunan cutar ba. Ranar Asabar ɗin nan muka gan shi a makabarta a kan tsani yana goge hoton da ke jikin kabarin wani mamaci da ba danginsa ba. Muna kuma sanar da cewa an ɗage jana'izar da aka sa gobe Juma'a, domin uwargidansa, Signora Nerina, tana gida tana fama da irin wannan zazzaɓi, ta kuma ƙi yarda a kai ta asibiti.

Marigayin ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran injin jiragen ruwa tsakanin gaɓarmu da Venezuela, da ya dawo gida kuma ya ba ƙungiyar nan shekara talatin da takwas na rayuwarsa, sha huɗu daga ciki yana shugabanta. Babu akwatin gawar da ya fita daga cocinmu a tsawon wannan lokaci ba tare da kafaɗarsa a ƙarƙashi ba, na attajiri ne ko na masunci. Shi ya ɗauki nauyin kaburburan waɗanda 'ya'yansu suka yi ƙaura zuwa Jamus da Ajantina, sama da ɗari biyu, yana sa musu sabon fure, yana zagayawa da buta yana ƙara ruwa a tukwanen. Yakan ce, "Kabarin da ba fure, mai shi sau biyu ya mutu."

Gaskiya ɗaya ce, kuma za mu faɗe ta ko da ta yi mana ɗaci. A watan Yuli an liƙa sanarwa a ƙofar makabarta cewa a zubar da ruwan tukwanen fure a cika su da yashi a sa furen roba, saboda sauro. Mun zauna a kai, mun yi dariya. Ni mai wannan sa hannu ni na fara cewa, "Sauro dai? To sai mu saya wa matattu gidan sauro." Marigayin ya buga tebur ya ce, "Furen roba a kan kabarin uwata? Da wane ido zan dube ta?" Aka watse a haka, muka ci gaba da ƙara sabon ruwa a kan tsoho, ba mu taɓa juye tukunya ko ɗaya ba. Ashe raina kama ka ga gayya.

Likitar da ta kula da shi, Dottoressa Ilde Marcantoni, ta zaunar da mu ta yi mana bayanin da ya kamata mu nema tun da wuri. Ɗan baƙin sauron nan mai ratsin fari, wanda ke cizon mu a ƙafa da rana tsaka muna kore shi da hula, shi ne mai ɗauke da cutar. Ruwan da bai cika murfin kwalba ba ya ishe shi yin ƙwai. Cutar ba ta tsallaka daga mutum zuwa mutum ta hannu ko numfashi. Sauron ne ke cizon mai zazzaɓi, bayan kamar kwana goma ya kai wa na gaba. Ta ce kamu na biyu ya fi na farko haɗari, marigayin kuwa ya taɓa kwantawa da ita a Maracaibo ta Venezuela shekara arba'in da suka wuce. Da jikinsa ya yi zafi ya ɗauka murar kaka ce, ya sha asfirin kamar yadda kowannenmu ke yi, alhali asfirin ƙara zubar jini yake yi a wannan ciwo. Abin da ya fi girgiza mu shi ne jin cewa ranar da zazzaɓin ya sauka ita ce ranar tsoro. Tasa ta zo ranar Asabar, ya ce ya warke, ya fita aiki. Ranar Lahadi ciwon ciki da amai suka kayar da shi, dasashinsa na jini.

A ranar Lahadin ce Signora Nerina ta fara nata zazzaɓin. Yau Alhamis da safe ya sauka. 'Yarsu Oriana ta kawo mota har bakin ƙofa don ta kai ta asibiti, uwar ta ce, "Ke rabu da ni, garau nake. Shekara arba'in da shida ina goge wa mutumin nan riga, ta ƙarshe ce zan bar wa wata?" Da muka je, mun same ta tsaye da dutsen guga a hannu, tana dafa tebur saboda jiri.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga Signora Nerina, da Oriana da maigidanta, da dukkan zuriyar Bartolucci, tana roƙon Ubangiji ya ba bawansa Ermete hutawa ta har abada, ya ba iyalinsa juriyar wannan rashi da ya zo ba sallama, mu kuma ya gafarta mana gangancinmu.

Signora, mu shida ne za mu ɗauki mijinki, kuma mun yi shawara yau babu wanda ya saɓa. Za a ajiye shi a asibiti, ba za mu sa kafaɗa a ƙarƙashin akwatinsa ba sai Dottoressa Marcantoni ta duba jininki ta sallame ki da bakinta. Ki yi fushi da mu iya son ranki, mun cancanta. Ba mu da ƙarfin ɗaukar mutum biyu daga gida ɗaya a mako ɗaya.

Gualtiero Pierpaoli
Sakatare kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiyar 'Yan'uwa Masu Hidimar Makabarta
Torre Salmastra