Kunyar Suruka Ta Kusa Cinye Mini Ƙoda

Zuwa ga Maman Ishaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina hutawa a wurin Ubangiji. Mijinki ne, daga gidanmu na Romi, da laifi a bakinsa.

Kin tuna ƙugun nan nawa da kike cewa yana kuka kamar ƙofar bayi? An cire shi an sa na ƙarfe. Aiki ya yi kyau. Ni na kusa ɓata shi.

Tun farko likita ta ce ƙodata take ji: ga shekaru, ga suga, ga hawan jini. In sha ruwa yadda suka tsara, ban da maganin ciwon jiki na kemis. Na ce to. Irin "to" ɗin da kika sani.

Rahila matar Ishaya ce ta zo jinya a asibiti. Ba na iya tashi, fitsari sai a fo. Ni da ko hula ba na cirewa gaban surukata! Sai na yi dabara: in ba a sha ba, ai ba za a yi ba. Duk kofin da ta miƙo, tana juya baya sai in tura wa maƙwabcin gadona, wani tsohon direba ɗan Makera. Shi kuma ya saka mini da ƙwayoyin kemis daga ƙarƙashin matashinsa. Bawan Allah ya yini yana fitsarin mutum biyu, ana ta yaba masa.

Kwana biyu, nawa ya koma ɗigo, kalar baƙin shayi. Gwaji ya nuna ƙoda ta fara gajiya, har aka ambaci injin wankin ƙoda. Aka rataya mini ruwa, aka sa robar fitsari. Jakar fitsarin kuwa, wa kike tsammani ta riƙa zubarwa?

Da na faɗi gaskiya, Rahila ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi, "Baba, ni na wanke Mama har ranar ƙarshe. Kada ka sa in rasa ku biyu."

Ƙodar tana farfaɗowa, an fasa injin. Rahila ta ciro kofinki na silba, mai lotsa a gefe. Da shi nake sha, in shanye tas, sannan in kira ta da bakina ta kawo fo.

Allah ya ba ki hutu, ya albarkaci yarinyar nan. Ki ƙara haƙuri, zuwana ya ɗan ja baya.

Naki,
Baban Ishaya